Daga Gaban Kyamara Zuwa Bayanta: Nazarin Ayyukan Ali Nuhu Ta Idon Mai Kallo A Iyakar Jibiya

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba tafiyar mutum guda a fagen wasan kwaikwayon Hausa na zamani, watau Ali Nuhu, tun daga lokacin da yake ɗan wasa a finafinan bidiyo har zuwa lokacin da ya zama mai ba da umarni da shirya wasanni masu dogon zango, irin waɗanda ake nunawa mako mako a talabijin da kuma YouTube. Ba tarihin rayuwarsa za a bayar ba, domin jaridu da mujallu sun sha yin wannan. Abin da za a yi shi ne a auna aikin, a ga abin da ɗan wasa ya ɗauko daga gaban kyamara ya kai bayanta, da abin da ya bari a hanya.

Kowane awo yana bukatar ma'auni. Galibin nazarce-nazarcen da aka yi a kan finafinan Hausa daga Kano ake hango su, can inda ake shirya su, ake tace su, ake kuma faɗa a kansu. Ni kuwa na zaɓi in tsaya a Jibiya, a jihar Katsina, a bakin hanyar da ta bi ta Magama da Ɗan Isa ta shiga Maraɗi. Dalili kuwa shi ne, a nan ne hajar Kano take ƙetare iyaka ta faɗa hannun Bahaushen da bai yi makarantar Ingilishi ba, kuɗinsa sefa ne, hukumarsa kuma da Faransanci take rubutu. In wasa ya ci sunansa na wasan Hausa, to, ya kamata ya yi magana da mutumin Jibiya da na Maraɗi kamar yadda yake yi da na Fagge.

2.0 Daga Talabijin Aka Fito

Wajibi ne a fara gyara wata fahimta da ta yaɗu tsakanin ɗalibanmu, cewa komawar 'yan fim ga talabijin sabon abu ne. Asalin sana'ar daga can take. Tun shekarun 1970 da 1980 gidajen talabijin na Kaduna da Kano da Jos da Sakkwato suke nuna wasannin Hausa. Usman Baba Pategi ya yi suna da Samanja Mazan Fama, Ƙasimu Yero da Karambana da kuma Magana Jari Ce, a Kano kuma ga Kuliya Manta Sabo. Da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa CTV a farkon shekarun 1980, ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na unguwanni suka sami wurin baje kolinsu. Ɗaya daga cikin irin waɗannan ƙungiyoyi, Tumbin Giwa, ita ce ta fitar da Turmin Danya a 1990, wanda ake ƙirgawa a matsayin fim ɗin bidiyo na farko da Hausa da aka kai kasuwa.

Abin da bidiyo ya sauya shi ne mai biya. A zamanin talabijin gwamnati ce uwar gida, ita ke ba da kyamara da albashi, saboda haka wasa yakan ƙare da gargaɗi a kan tsafta ko haraji ko illar caca. A zamanin kaset kuwa ɗan kasuwar Ƙofar Wambai da na Bata su ne masu faɗa a ji, su kuma abin da matan aure da samari za su saya suke so. Cikin wannan kasuwa Ali Nuhu ya buɗe ido.

3.0 Ɗan Wasa

An haifi Ali Nuhu a Maiduguri ran 15 ga Maris 1974. Mahaifinsa mutumin Balanga ne ta jihar Gombe, mahaifiyarsa kuma 'yar Bama ce ta jihar Barno. Ya tashi tsakanin Jos da Kano, ya karanta ilmin labarin ƙasa a Jami'ar Jos. Ya fara fitowa a fim a 1999 cikin Abin Sirri Ne, shekarar da aka fara buga mujallar Fim, aka kuma ƙirƙiro sunan Kannywood a mujallar Tauraruwa. Sangaya, na kamfanin Sarauniya, shi ya ɗaga shi. A ciki ya fito a matsayin yarima, Fati Muhammad kuma baiwar Allah mai aikatau a gidan sarauta, wadda ƙiyayyar yarima gare ta ta rikiɗe ta koma so. Ina roƙon masu sauraro su riƙe wannan zubi na ɗan sarki da 'yar talaka, domin za mu sake cin karo da shi bayan shekara ashirin da 'yan kai.

Me ya bambanta wasansa da na magabatansa? 'Yan wasan talabijin na da daga dandamali da rediyo suka fito, saboda haka da murya da jiki duka suke wasa. Samanja in ya daka tsawa, ko wanda ke bayan katanga ya san abin da ake ciki. Ali Nuhu kuwa da fuska yake wasa. Ya gane tun da wuri cewa kyamara tana kusanto da ido, don haka ɗaga gira ko kau da kai ya isa ya isar da abin da ɗan dandamali zai yi da hannu biyu. Wannan darasi daga finafinan Indiya ya koyo shi, waɗanda gidajen sinima na Lebanawa suka shayar da Arewa tun shekarun 1950 da 1960, kamar yadda Brian Larkin ya bayyana a nazarinsa na Kano. Tare da darasin fuska ya kwaso rawa da waƙa da soyayyar mutum uku, kuma a kan waɗannan ne malamai da marubuta suka yi ta sukarsa.

A ganina, mafi kyawun wasan da ya yi ba a finafinan soyayya yake ba. Sitanda na Izu Ojukwu ya jawo masa lambar yabo ta finafinan Afirka a 2007, ta ɗan wasa mai tasowa, abin da ya ba masu kallo a Arewa dariya, tun da a lokacin ya shekara takwas yana tashe. Amma inda ya nuna iyakar gwanintarsa shi ne Confusion Na Wa na Kenneth Gyang, na 2013. A can ya fito a matsayin Bello, ƙaramin ma'aikacin ofis mai sanyin hali, wanda ake takawa a wurin aiki, matarsa kuma tana cin amanarsa. Babu rawa, babu babbar riga, babu mota. Mutumin da aka saba gani yana yarima sai ga shi ya ƙanƙance, kafaɗa a sauke, magana a ciki. Wannan ya tabbatar da cewa in ya sami darakta mai ƙarfi da labari mai ƙashi, yana iya tuɓe taurarinsa ya ajiye. Tambayar da ta rage ita ce, shin da ya zama darakta ya nemi irin wannan daga 'yan wasansa?

4.0 Mai Ba Da Umarni

Bai daɗe yana wasa ba ya kafa kamfaninsa, FKD, wanda haruffansa na sunan mahaifiyarsa ne, Fatima Karderam Digema. A Kano wannan ba baƙon abu ba ne. Ɗan wasa ladan fitowa kawai yake karɓa, ribar kaset ta mai shiryawa ce da ɗan kasuwa, don haka duk wanda ya yi suna yakan yi maza ya buɗe ofishinsa. Abin da ya raba Ali Nuhu da saura shi ne ya daure, kamfanin ya rayu fiye da shekara ashirin a sana'ar da kamfanoni ke mutuwa bayan fim uku.

Zargin da aka fi yi wa finafinan FKD shi ne wankiya, watau ɗauko labarin fim ɗin Indiya a sa masa rigar Hausa. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya bi diddigin wannan al'ada filla-filla, kuma daga cikin misalan da aka sani akwai Khusufi na 2003, wanda aka ɗauko daga Taal na Subhash Ghai. A nan ina so in ɗan tsaya, domin sau da yawa muhawarar takan kauce hanya. Aro ba laifi ba ne a adabi. Magana Jari Ce da muke karantar da ɗalibai muna alfahari da ita, Abubakar Imam ya tattaro yawancin labaranta daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai da na Indiya, har aku mai ba da labarin ma baƙo ne. Amma Imam ya jiƙa abin da ya aro har ya narke. Sarkinsa sarkin Hausa ne, waziri na fadar Hausa ne, wawan da ke ciki kuma ka san ka taɓa gamuwa da shi a kasuwa. Ma'aunin ke nan: in an cire sunayen, shin labarin zai iya faruwa a gidan Bahaushe?

Da wannan ma'auni, finafinan FKD na farko sun ci rabi sun faɗi rabi. Sun ci ta wajen jigo, domin auren dole da fifikon dukiya da ikon iyaye a kan 'ya'ya matsaloli ne da Bahaushe da Ba'indiye suka yi tarayya a kai, shi ya sa ma aron ya karɓu. Sun faɗi ta wajen warware rikici. A gidan Hausa, in aure ya rikice akwai gwaggo, akwai kawu, akwai waliyyi da liman da mai unguwa, kuma ta hannunsu ake ɗaurewa ko a kwance. A waɗannan finafinai kuwa sau da yawa saurayi da budurwa su kaɗai ne a duniya, su da uba guda mai taurin kai, sai kuwa haɗarin mota ko ciwon zuciya ya zo ya raba gardama. An ɗauko ƙashin labarin, an bar dangi a baya.

Inda ba a yi masa adalci ba shi ne wajen renon 'yan wasa, kuma a nan ne asalinsa na ɗan wasa ya yi amfani. Nafisa Abdullahi ta fito ta Sai Wata Rana a 2010. Rahama Sadau ta shigo ta hannunsa a 2013. A 2017 ya ɗauki mawaƙi, Umar M. Shareef, da sabuwar fuska, Maryam Yahaya, ya ɗora musu Mansoor, labarin yaron da ya tashi cikin daula ya gano cewa asalinsa ba yadda aka gaya masa ba ne, ya fita neman mahaifinsa. Duk wanda ya kalli waɗannan a fitowarsu ta farko zai ga hannu guda: an hana su ihu, an hana su yawan wurga hannu, an koya musu su saurari abokin magana kafin su amsa. Wannan na ƙarshe shi ne mafi wuya, kuma daraktan da bai taɓa tsayawa gaban kyamara ba da ƙyar yake lura da shi. A masana'antar da ba ta da makarantar koyon wasa ta kirki, FKD ta zama makaranta.

Sai dai kowace makaranta tana da iyakarta. Ɗaliban sun fito da kamannin malaminsu: tsafta, kyan sutura, taushin murya, fuskar da ba ta ɓaci ko da ana kuka. Ba a ga Bello na Confusion Na Wa a cikinsu ba. Darakta ya koya musu abin da kasuwa ta saya a wurinsa, ya riƙe abin da Gyang ya tono daga gare shi.

5.0 Kasuwa Ta Mutu, Zango Ya Tsawaita

Kafin a yi hukunci a kan wasanninsa masu dogon zango, tilas a san abin da ya kai shi can. A 2001 aka kafa hukumar tace finafinai ta jihar Kano, a 2007 kuma aka shiga mawuyacin hali na dakatar da aiki da kame-kame a ƙarƙashin Abubakar Rabo Abdulkarim, har wasu suka yi ƙaura zuwa Kaduna. Wannan bai kashe sana'ar ba. Abin da ya kashe kasuwar faifai shi ne satar fasaha, da masu tura fim a waya a kan kuɗi kaɗan, da kuma finafinan Indiya da aka fassara da Hausa, waɗanda kamfanin Algaita ya yi fice da su. A nan akwai abin dariya mai ciwo: wanda ya saba sayen kwaikwayon Indiya, da aka kawo masa Indiyar kanta tana magana da Hausa, sai ya ga ba shi da sauran bukatar kwaikwayo. Mansoor yunƙuri ne na komawa sinima, amma gidajen sinima na zamani a Arewa ba su taka kara sun karya ba, mutumin Jibiya kuwa ba zai hau mota zuwa Kano don kallon fim ba.

A 2014 aka buɗe tashar Arewa24, wadda ake kamawa kyauta ta tauraron ɗan Adam, ta fara da Daɗin Kowa, daga baya ta kawo Kwana Casa'in. A 2019 Falalu Ɗorayi ya shigo da Gidan Badamasi. A 2020, shekarar kullen annoba, Aminu Saira ya kawo Labarina, Lawan Ahmad, mutumin Bakori ta nan jihar Katsina, ya saki Izzar So a YouTube, inda shi Ali Nuhu ya fito a matsayin attajiri Matawalle. Daga nan kowa ya bi. FKD ta yi Alaƙa, sa'an nan Ali Nuhu ya ba da umarnin Gidan Sarauta, wanda Abubakar Bashir Maishadda ya shirya. Ashe an zagayo an dawo inda Samanja ya tsaya, amma mai biya yanzu shi ne mai talla da kuma adadin masu kallo.

Wannan sauyi ya taɓa zubin labari ƙwarai. Fim na sa'a biyu yana da farko da tsakiya da ƙarshe. Wasa mai zango kuwa, wanda akan yanka kashi goma sha uku don ya cika wata uku, ribarsa tana cikin kada ya ƙare. A nan ne raunin da muka ambata a baya ya fito fili. Labarin mutum uku ba ya ɗaukar sa'a talatin. Wasan da zai yi tsawo yana bukatar gari: maƙwabta, 'yan tireda, malamin allo, dillaliya, ɗan acaɓa, kowa da nasa ƙullin. Daɗin Kowa ya gane haka, shi ya sa sunan gari aka ba shi, kuma da mutum guda ya fita wasan ba ya faɗuwa. Gidan Sarauta kuwa ya koma ga zubin Sangaya, Umar M. Shareef yana yarima, Momi Gombe tana 'yar talaka. Da yake zaren gajere ne, sai a ja shi da ɓoye magana, da rashin fahimtar da kalma ɗaya za ta warware, da makirci a kan makirci, da kiɗan baya mai gaya wa mai kallo lokacin da zai ji tausayi.

Ba na musun kyan aikin. Hoto a tsabtace yake, sauti yana fita, sutura ta dace, ba a ganin inuwar mai riƙe da makirufo kamar a finafinan da. 'Yan wasa sun san inda za su tsaya. Amma kyamarar ɗan wasa ce: fuska take bi. Da wuya ta ja baya ta nuna mana inda mutanen suke zaune, wace unguwa ce, me ake nomawa, ina kuɗin gidan yake fitowa. Abin mamaki ne a ce mutumin da ya karanta labarin ƙasa shi ne wasanninsa suka fi rashin ƙasa.

6.0 Abin Da Ake Gani Daga Jibiya

Tsakanin Katsina da Maraɗi bai kai kilomita 100 ba, Jibiya tana tsakiya. Bayan da masu jihadi suka ci Katsina a farkon ƙarni na 19, sarakunan Haɓe suka yi arewa, Ɗan Kasawa ya kafa zamansa a Maraɗi, har yau kuma sarautar can da sunan Katsina ake kiranta. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata, aka kafa mata alamu tsakanin 1906 da 1908, ta ratsa tsakiyar dangi ɗaya ne. Ta wannan hanya kaset da faifan Kano suka riƙa shiga Nijar tare da atamfa da man fetur, har 'yan wasan Kano suka zama sanannu a Maraɗi da Damagaram da Tawa kamar a gida.

Shekarun da Ali Nuhu ya koma wasa mai zango su ne shekarun da wannan hanya ta fi shan wuya. A watan Agusta 2019 gwamnatin Nijeriya ta rufe iyakokinta na tudu, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilu 2022. A watan Satumba 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da Jibiya, sai a Disamba aka maido. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka sake rufe iyaka, aka yanke wutar lantarkin da Nijeriya ke ba Nijar, sai a Maris 2024 aka buɗe. Cikin duk wannan, wasan kwaikwayo bai daina ƙetarewa ba, domin tauraron ɗan Adam ba ya tsayawa a shingen kwastan. Watannin da aka katse waya kuwa sun nuna bambancin hanyoyin biyu: mai faranti a kan rufi ya ci gaba da kallo, mai dogaro da YouTube ya koma jiran wanda zai shigo da sabon kashi daga Katsina a cikin waya. Saboda haka komawa talabijin ta ƙara wa darakta masu kallo a wannan yanki, a daidai lokacin da fatauci ya tsaya.

To, me aka ba waɗannan masu kallo? Abu na farko shi ne harshe. Manyan mutane a waɗannan wasanni, musamman masu kuɗi da masu ilmi, Ingausa suke yi, jimla ta fara da Hausa ta ƙare da Ingilishi, kuma sau da yawa a daidai inda maganar ta fi nauyi, wurin ba da haƙuri ko bayyana so ko yanke hukunci. Mutumin Maraɗi, wanda yake cewa lakwal da mushe da duwan da jandarma, a nan ake barinsa a waje. Tsohuwar Jibiya ma haka. Wani zai ce ai haka 'yan boko suke magana a Kano, wasa kuma madubi ne. Gaskiya ne, amma darakta yana zaɓen inda zai kafa madubinsa, kuma Imam da ya ji Turanci da Larabci bai cusa su a bakin Waziri Aku ba.

Na biyu shi ne karin harshe. Katsinanci da Sakkwatanci da Hausar Nijar, in sun fito a finafinan Kano, galibi a bakin mai gadi ko baƙauye ko wanda ake so a yi wa dariya suke fitowa. Mai cewa shina tahiya ba ya zama jarumi. Wannan laifin masana'antar ne gaba ɗaya, ba na mutum guda ba, amma wanda ake kira Sarki a sana'a, wanda kuma shi kansa ba Bakano ba ne, ya fi kowa ikon karya wannan al'ada, bai kuwa karya ta ba.

Na uku shi ne labarin kansa. Wasa mai suna Gidan Sarauta ana kallonsa a ƙasar da sarauta guda ta rabe biyu, inda har yanzu ake ba da labarin hare-haren Ɗan Baskore da na Ƙaura Hasau, da yadda Turawa suka naɗa Muhammadu Dikko a Katsina a 1906. Fadar da ake nuna musu kuwa ba ta da tarihi, ba ta da talakawa, ba ta karɓar ƙara, ba ta raba gona, aikinta kawai shirya aure da ɓata shi. Haka nan rayuwar iyaka ta yau: direban da motarsa ta kwana wata da watanni a Magama, matar da 'yarta ke aure a Ɗan Isa, ɗan canjin naira da sefa, yaron da ke ratsa daji da buhun shinkafa a kan babur, ƙauyukan da suka watse suka kwararo cikin gari. Ga mutane da yawa, ga ƙulli iri iri, ga dangi da hukuma da kuɗi, watau duk abin da wasa mai dogon zango yake bukata don ya yi tsawo ba tare da an ja shi ba. Kwana Casa'in ya gwada cewa masu kallo suna iya bin labarin siyasa da aikin jarida da asibiti, don haka hujjar cewa soyayya kaɗai ke sayuwa ta raunana.

Akwai misali daga tsallaken iyakar da ya cancanci a ajiye kusa da wannan. Oumarou Ganda na Nijar shi ma ɗan wasa ne da ya koma bayan kyamara. Tsohon soja ne da ya yi yaƙin Indocina, yana dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan Jean Rouch ya same shi ya sa shi a Moi, un noir na 1958. Da ya karɓi kyamara, fim ɗinsa na farko, Cabascabo, labarin sojan da ya dawo daga Indocina ne, abokai suka cinye kuɗinsa suka watse. Na biyu, Le Wazzou polygame, a kan alhajin da ya ƙara aure da yarinyar da aka riga aka yi wa miji, shi ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Wagadugu a 1972. Ganda da Zabarmanci ya yi aiki, kuma da tallafin Faransa, bai taɓa fuskantar ɗan kasuwar Ƙofar Wambai ba, ya rasu a 1981 da finafinai 'yan kaɗan waɗanda mutanen Maraɗi ƙalilan ne suka gani. Saboda haka ba a ce ya fi ba ta kowace fuska. Abin lura kawai shi ne, da ya koma bayan kyamara ya juya ta ga rayuwar da ya sani. Ali Nuhu yana da masu kallon da Ganda bai taɓa mafarkin samu ba, amma kyamararsa har yanzu tana kallon finafinan da ya kalla yana yaro.

7.0 Kujerar Jos

A watan Janairu 2024 Shugaba Bola Tinubu ya naɗa Ali Nuhu shugaban Hukumar Finafinai ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979, mai hedkwata a Jos, wadda kuma makarantar koyon fim ta ƙasa da ma'ajiyar tsofaffin finafinai suke ƙarƙashinta. Haka kuma hukumar tace finafinai ta Kano ta koma hannun wani ɗan wasan, Abba El-Mustapha, wanda a watan Mayu 2025 ya dakatar da wasanni 22 na ɗan lokaci saboda rashin kai su tacewa, cikinsu har da Labarina da Daɗin Kowa da Gidan Sarauta. Yaran da aka kama ana tuhuma a 2007 su ne tsararrakinsu suka hau kujerun hukuma, har ɗaya yana dakatar da aikin ɗaya.

Daga wannan kujera akwai abubuwa biyu da suka shafi batunmu kai tsaye. Na farko, wasannin talabijin na shekarun 1970 da 1980 da kaset ɗin bidiyo na shekarun 1990 suna lalacewa, ɗalibin da ke son nazarin Karambana ko Turmin Danya yakan sha wuya kafin ya sami kwafi mai kyau. Shaihu Umar na Adamu Halilu, na 1976, an same shi a ma'ajiyar hukumar, aka gyara shi da taimakon Jamusawa, aka nuna shi a bikin Balin na 2018, abin da ya nuna cewa aikin mai yiwuwa ne. Na biyu, ƙarancin masana'antar yanzu na marubuta ne, tun da 'yan wasa da masu ɗaukar hoto sun samu. Sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilmi na Katsina da Kano da Zariya da Sakkwato, da takwarorinsu na Maraɗi da Damagaram, suna yaye ɗalibai masu tattara tarihin baka da karin harshe kowace shekara, kundayensu suna kan kanta ƙura tana ci, alhali masu shirya wasa suna neman labarin da zai kai kashi goma sha uku.